Muryata da Zakaran Maƙwabciya

Shekarun baya, lokacin da korona ta sa aka kulle gari, ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi a Malali. Irin makarantun nan ne da yaro bai isa ya ce yana jin fitsari da Hausa ba. Dokar mai makarantar ce, wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin gwamnati: daga bakin get har bayan gida, Turanci. Iyayen ma abin da ya kawo su ke nan, yawancinsu ma'aikata ne, kowa na so ɗansa ya dawo gida yana karya harshe. Ni kaina har na saba, in na koma gida sai in ji ina korar akuya da Turanci.

Da aka rufe makarantu, Hajiya ta buɗe wa kowane aji guruf a waya, ta ce mu riƙa ɗaukar darasi da murya muna turawa. Ba ta tambayi wa ke da data ba, balle wa ke samun wuta ya yi caji. Muka ce to, don kowa na tsoron aikinsa.

A Hayin Banki muke, gidan haya. Babu inda zan samu shiru sai ɗan siton da muke ajiye masara. Nan nake shiga in ja ƙofa, zufa na zuba, ina magana da waya kamar mai taɓin hankali. Ga maƙwabciyata da wani jan zakara da bai san lokaci ba. Wallahi kamar jira yake in danna ɗauka, sai ya saki cara. Da farko ina gogewa in sake, daga baya na gaji na bar shi a ciki.

Na yi ta tura darasi da Turanci yadda aka ce. Guruf shiru, aiki ba ya dawowa. Rannan wata uwa ta kira ni.

"Anti, don Allah ki yi haƙuri na dame ki. Babansu ya miƙo mini waya ya ce ni zan zauna da shi. Ni kuwa iyakata firamare da Islamiyya. Na saurari abin nan har kaina ya yi ciwo, ban gane ba. Yaro na kuka, ni ma kukan nake."

Nan na farga. Lambobin mazan ne a guruf, amma matan ne a kan tabarma da yaran. Washegari na yi darasin rabi da kwata da Turanci, sannan na maimaita shi da Hausa. Na ce, "Assalamu alaikum, Antin aji uku ce. Maman yara, ɗauko lemo ɗaya da wuƙa. Yanka shi biyu, ki ba shi ɓari ɗaya, ki tambaye shi me ya riƙe." Haka na bi da su har lemon ya zama gida huɗu, zakara yana taya ni.

Kai, ku zo ku ga aiki! Hotuna suka fara shigowa, har da na lemon da aka yayyanka a faranti. Iyaye mata suna kirana ta gefe, wannan ta ce Allah ya biya ni, waccan ta ce ita ma sai yanzu ta gane abin da ya gagare ta tun tana yarinya. Ni kuma kaina ya kumbura, har na fara hango kaina a kujerar mataimakiyar shugaba. Ku dai bar ni da shirmena.

Sai wani uba, babban ma'aikaci ne, ya ji muryata tana fitowa daga ɗakin matarsa. Ya zauna ya rubuta dogon Turanci a guruf. Ma'anarsa dai, shi bai kai ɗansa Malali don a koya masa lissafi da yaren kasuwa ba, in Hausa yake so akwai makarantar gwamnati a bayan layinsu. Wasu maza suka bi bayansa. Na zuba ido in ga ko mace ɗaya cikin masu yi mini addu'a za ta ce uffan. Ko tari babu.

Hajiya ta kira ni kafin la'asar.

"Malama, kin zubar mana da mutunci."

Na ce, "Hajiya, yaran fa suna ganewa. Kuma da Turancin nake farawa."

"Ban ɗauke ki don su gane da Hausa ba. Wa ya ba ki izini?"

Ina cikin ba ta haƙuri ta kashe waya. Kafin in ajiye tawa, an cire ni daga guruf ɗin ajina. Da aka buɗe makarantu na yi wanka na tafi, mai gadi ya tare ni a get yana sunkuyar da kai, ya ce an ce in jira a waje. Can sakatare ya fito ya ce an rage ma'aikata. Ina tsaye ina jin yarana a ciki suna gaishe da wata malama.

Maigidana ya ce in bar su da Allah. Na bar su, amma ba da farin ciki ba. Na daɗe a gida kafin in samu wata ƙaramar makaranta kusa da Kawo, inda nake har yanzu.

Bara muka je suna Rigachikun, gidan ƙanwar maigidana. Ina zaune a tsakar gida ina cin waina, wata mata kusa da ni ta kunna wa 'yarta waya don ta daina rigima. Sai na ji muryar namiji, da Turanci mai santsi, yana faɗin sunan tsohuwar makarantarmu. Yana gamawa na ji, "Maman yara, ɗauko lemo ɗaya da wuƙa."

Muryata ce. An yanke sallamata, an yanke inda na ce Antin aji uku ce, sauran duk yana nan.

Na ce, "'Yar'uwa, ina kika samu wannan?"

"Ai makarantar ce ke rabawa lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. Saboda malamar nan na kai yarana can, kullum sai an kwashe su a mota har Malali. Na ce a nuna mini ita, Hajiyar ta ce sun tura ta ƙaro karatu."

Ƙaro karatu! Innalillahi. Sai na ji bakina ya ce, "Saurara, yanzu zakara zai yi cara."

Ya kuwa yi. Matar ta kwashe da dariya, ta dafa ni.

"Ashe ke ma kin haddace! In ba ki da su duka, kawo lambarki in tura miki. Wallahi matar nan ta iya koyarwa."

Ban gaya mata ba. In ce me? Na ba ta lambar, ta turo.

Mutane na ce mini ai lada na nan, kuma na yarda. Amma in na ce abin ya daina yi mini ciwo na yi ƙarya. Hausar da aka kore ni a kanta, ita ake tallar makaranta da ita, kuma har yau babu wanda ya kira ni ya ce Malama, yi haƙuri. Iyaye matan nan ma na daina jin haushinsu, wayar ba tasu ba ce.

Wani lokaci in ina shara nakan kunna in saurara. Zakaran tuni aka yanka shi da wata Sallah, maƙwabciyata har ta aiko mini da cinya. Shi dai sun bar masa cararsa a ciki. Ni ce suka yanke.