Gaisuwar da Marlys Ta Gada

Shekara sha tara Marlys Dykhuis ta yi a ofishin musayar ɗalibai na wata ƙaramar jami'a a jihar Michigan ta Amurka. Ita ke cike takardu, ita ke yankar wa ɗalibai tikitin zuwa Ghent, wani birni a Beljiyam inda ake magana da yaren Holan. Ba ta taɓa ƙetare teku ba, amma kakarta 'yar Holan ce, don haka duk abin da ya shafi yaren ita ake tambaya.

Jimla ɗaya tak ta gada. Tana yarinya, duk sanda ta je gidan kakar, da wannan jimlar tsohuwar ke tarbarta a bakin ƙofa kafin ta rungume ta. Marlys ta ɗauka maraba ce. Kowane ɗalibi kafin ya tashi sai ta zaunar da shi ya haddace, har da kakarin maƙogwaro.

"Da ka sauka ka faɗa wa masu masaukinka," takan ce. "Za su ji daɗi."

Wata shekara Farfesa Lieven De Smedt ya zo daga Ghent sabunta yarjejeniya. Marlys ta ci ado, ta tsaya a ƙofar ofis, ta rangaɗa masa gaisuwar. Farfesa ya dubi takalminsa, ya ja baya, ya goge shi tas a tabarmar ƙofa, sannan ya shigo.

"Ashe ke ce," in ji shi.

"Ni ce me, Farfesa?"

"Shekara da shekaru yaranku na sauka gidajenmu suna ce mana, 'Goge ƙafarka, ƙazami.' Zama biyu muka yi a kan maganar. Shugaban sashenmu ya ce al'adar Amurkawa ce, a yi haƙuri. Matata har sabuwar tabarma ta saya."

Marlys ta lalubi kujera ta zauna. "Kuma ba wanda ya gyara musu?"

"Da murmushi suke faɗa, Madam. Wa zai iya?"

Ranar ta buga wa yayarta waya ta ba ta labari.

"Ni dai Kaka ba ta taɓa ce mini haka ba," in ji yayar.

Kwana uku Marlys ba ta ɗaga wayar yayar ba.

Farfesa bai tafi ba sai da ya koya mata gaisuwa ta gaskiya. Da shekara ta zagayo jami'a ta tura ta Ghent. Ta gaida kowa daidai, tun daga filin jirgi, kowa kuwa ya amsa mata da Turanci.