Teburin Madam Sadiƙa

Madam Sadiƙa ta haura shekara ashirin tana koyar da shimi, wato ilimin sinadarai, a wata sakandare a Garoua. Mahaifinta dillalin shanu ne, kuma ita ce mace ta farko a gidansu da ta shiga jami'a. Gajera ce, mai saurin tafiya, kullum da farar rigar aiki a kan atamfarta, soda ta huhhuje bakin hannun rigar. Wurinta aka tura ni bara, da na gama karatu a Maroua, don in koyi aikin aji.

Makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Abin da ke akwai teburin siminti ne a ƙarƙashin rumfa, bayan ajujuwa, wanda ita ta matsa aka gina. Jarrabawar takarda tana yin ta kamar kowa, ta ba da maki bisa ashirin, amma ba ta yarda yaro ya gane darasi ba sai ta ga hannunsa a kan teburin nan. Da ruwan folere, soɓorodonmu ke nan, take nuna musu asid, mai tsami, da kishiyarsa bas, irin su kanwa da soda. A ɗiga lemun tsami ya ƙara ja, a zuba kanwa ya rine. Sai ta kira su ɗaya-ɗaya, kowa ya yi da kansa, ya faɗi dalili da Faransanci, in ya kakare ya ƙarasa da Hausa ko Fulatanci.

Ranar da abin ya faru, 'yan ajin ƙarshe masu shirin Bak, jarrabawar kammala sakandare, ne a rumfar, ana darasin haɗa sabulu, wanda yake cikin manhajarsu. Muhaimin, ɗan wani mahauci, shi ke juya kitse da ruwan soda a tukunya.

"Madam," in ji shi, "in ya yi kyau ni zan kai kasuwa, ke ki riƙe makinki."

"Juya a hankali, Sarkin Fawa. Ba miyar gidanku ba ce."

Aji ya fashe da dariya. Ya waiga zai rama, muciyar ta kuɓuce masa, ruwan ya fantsamo masa a idon hagu. Har yau ina jin ƙarar da ya yi. Ina dab da shi, amma na tsaya ina kallo kawai.

Solange ce ta fara zuwa, yarinyar da ke ɗaukar na ɗaya a ajin. Ta suri kofin lemun tsami daga kan tebur ta nufi fuskarsa.

"Asid ne ke kashe bas, Madam!"

Madam Sadiƙa ta cafke wuyan hannunta kofin na gab da karkata. "Ruwa! Ruwa zalla! Kai, ƙanena, buta!"

Ni take nufi. Ta kwantar da kan yaron a cinyarta, ta buɗe fatar idon da yatsunta, ni ina tsiyayawa, yara suna cika butoci daga randa har randar ta ƙare. Sannan aka ɗora shi a mashin zuwa asibiti. Likita ya ce idon zai warke, ya naɗe shi da bandeji.

Washegari shugaban makaranta ya kira mu ofis. Mahaifin yaron, Alhaji Mahamman, yana zaune da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Shugaban bai yi kwana-kwana ba. Ya ce an rufe tebur daga yau. Sauran makarantu a allo suke koyar da sabulu, kuma yaransu suna cin Bak.

Madam ta fara juyawa wajen uban. "Alhaji, ka ba ni amanar ɗanka, na tsayar da shi kan soda ba gilashin kare ido. Wannan laifina ne, ka yi haƙuri."

Alhaji ya gyaɗa kai.

Sai ta fuskanci shugaban. "Ranka ya daɗe, a jarrabawar da ta wuce na tambaye su abin da ke faruwa in asid ya haɗu da bas. Solange ta amsa daidai, na ba ta cikakken maki. Jiya da wannan amsar ta tashi zuba wa ɗan'uwanta tsami a ido. Ni na koya mata rabi, na ba ta makin duka, ban kuwa sani ba sai a kan tebur. A unguwarsu mata nawa ne ke dafa sabulu da soda a tsakar gida, da yara a gefe? In abu ya faru, ita za a kira, 'yar boko. In ka rufe teburin, ta yaya zan san me ke cikin kan sauran?"

"In aka sake fa? In ido ya tafi?" in ji shugaban. Tambaya ce ta gaskiya, ni ma ita ke cina.

Alhaji Mahamman ya yi gyaran murya. "Malama, wa ya riƙe hannun yarinyar?"

"Ni ce, Alhaji."

"To." Ya dubi shugaban. "Ni ban zo ƙara ba. Da safe yaron nan, ido a naɗe, yake tambayata ko sabulunsa ya daskare. Abu ɗaya nake so: kada a sake tsayar da ɗan kowa a wurin nan ido tsirara."

Shugaban ya ajiye biron da ke hannunsa. Daga ƙarshe ya ce tebur zai zauna a rufe har sai an samo gilashin, kuma soda malami kaɗai zai riƙa zubawa. Madam ta ce ta yarda.

Ƙungiyar iyaye ta kawo gilasan kafin ƙarshen wata. Darasin farko da aka yi bayan an buɗe teburin ba na sabulu ba ne. Madam ta sa kowane yaro ya kwantar da abokinsa ya wanke masa ido da buta, tana bi tana gyara musu hannu, kuma ta sa shi cikin makin zangon. Solange ta nemi a haɗa ta da Muhaimin.

"Ni dai a fara caje ta," in ji shi, "ko da lemo a aljihunta."

Soda kuwa ni Madam ta miƙa wa gwangwanin a mako na gaba. Na tsaya riƙe da shi ban zuba ba, ta gani sarai. Ta ce in ajiye, in numfasa, in sake ɗauka, yara suna jira.