Yaya Garba da Kududdufin Tudun Wada

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Garba. Ya rasu a shekarar annobar murar nan da ta biyo bayan yaƙin Jamus na farko, lokacin da makara ba ta hutawa a Zariya. Ban yi kuka ranar ba, ban kuma yi ba har yau. Nakan yi masa addu'a bayan kowace salla, amma in na dubi zuciyata sai in tarar da ita shiru, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

Yaran yanzu ba su san yadda aka kafa Tudun Wada ba. Da hannu aka gina ta, da jar ƙasar da aka haƙa nan bayan unguwa. Duk gidan da ya tashi, ramin ya ƙara zurfi. Da damina ta cika shi, sai ya zama wurin wankan kowa: magina, 'yan dako daga tashar jirgi, fatake. Ba irin tafkin daji ba ne mai gangarawa sannu a hankali. Mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa, sai ƙasa ta ƙare masa.

Bayan an rasa magina biyu a ciki, mai unguwa ya ɗora Yaya Garba a kan wurin, don mu a bakin kogin Galma muka tashi, kuma ya iya ruwa. Ya zaɓi mutum huɗu. Ya kakkafa sanduna inda zurfi ya fara, ya ba kowa doguwar gora da duma ɗaure da igiya. Ba sa salla tare. Biyu su yi, biyu na kallon ruwa. Mai tsaro ba ya cin abinci a tsaye a wurin, ba ya hira. Dokarsa mafi tsanani kuwa ita ce ba a karɓar tukuici, ko goro ɗaya. Yakan ce ranar da mai tsaro ya ɗanɗana godiyar mai hali, idonsa zai riƙa zamewa wajen masu manyan riguna, ɗan dako kuwa ya nutse a bayansa.

Wannan doka ce ta haɗa shi da Audu marini, wani Bakano mai faɗin rai da ya buɗe karofi kusa da mu. Wata la'asar Audu ya wuce sandunan, ƙasa ta ƙare masa. Gora ba ta kai ba, Yaya ya faɗa da kansa ya jawo shi ta ƙeya, a gaban jama'a.

Washegari Audu ya aiko da rawani baƙi mai sheƙi, aka mayar. Ya aiko da rago, aka mayar. Sai ya zo da kansa.

Ya ce, "Kai Bazazzagi, raina ne bai kai rago ba, ko ragon ne bai kai ba?"

Yaya bai ɗauke ido daga ruwan ba. Ya ce, "Bakano, matsa, kana tare mini gani. Da na san nauyinka da na bar ka wa kwaɗi."

"Wallahi sai ka karɓi wani abu a hannuna."

"To, ka koyi iyo. Shi nake so."

Mutane suka yi dariya. Audu bai yi ba. Abin ya tsaya masa a wuya shekara da shekaru. Mutum ne da bai taɓa cin tuwon wani bai rama ba, ga shi yana yawo da ran da aka ba shi kyauta. Ya sha gaya mini ba ya iya haɗa ido da Yaya a masallaci. Ya gwada ta wajen matar Yaya, ya gwada ta wajena, duk aka mayar. Na taɓa ce wa Yaya ya karɓi ko hula ce, mutumin ya huta. Ya ce in ya karɓa, da wane baki zai hana mutanensa gobe?

Yanzu an ce mini Turawa suna da nasu wurin wanka, na siminti, da tsani, da mai gadi riƙe da usur. Ban je ba. Na san dai abin da Yaya zai yi da yana raye aka kai shi. Ba zai dubi simintin ba. Zai tsaya ya dubi idon mai gadin, ya ga inda yake kallo.

Da annobar ta shigo, gidanmu duka muka kwanta. Yaya ya cika da hantsi, ni ina kwance gefensa, ina ganin abin da ke faruwa, ba na jin komai. Hakkin wankansa a kaina yake, amma ko zama ban iya ba. Liman na kwance. Cikin masu tsaron nan huɗu, biyu sun riga shi. Maƙwabta kowa na fama da gawar gidansa, wasu kuma tsoron taɓawa suke. Rana ta yi sama, ba wanda ya leƙo, na fara tunanin haka za a ja shi a binne kamar yadda aka yi wa wasu.

An cike kududdufin bara, an yi shaguna a kai. Ba wanda ya san sunan Garba a layin. Akwai tsofaffi da ke tafiya a Tudun Wada, da 'ya'ya da jikoki, waɗanda da ba don shi ba da babu su, yawancinsu kuma sun manta. Ba na jin haushin haka. Shi ya so a manta, kuma an yi masa yadda ya so. Mutum ɗaya ne ya ƙi.

Ranar da Yaya ya cika, wajen azahar na ji sallama. Audu ne, yana tari, ɗauke da tulu a kafaɗa, da ganyen magarya, da farin ƙyalle a hammata. Bai tambaye ni komai ba. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya yi wa Yaya alwala, ya fara da dama, a hankali, kamar mai wanke jariri. Ya naɗe shi a likkafanin da ya kawo, ya ɗaure. Sa'an nan ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "To, Bazazzagi. Wannan kam mayar mini in gani."

Ya jira kaɗan. Sai ya tashi ya tafi neman masu ɗaukar makara.