Littafin Sunayen Matan Garinmu Da Na Ƙona

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina da 'ya'ya biyu, ina sayar da shayi a bakin kasuwar Sinnar. Ina ji da kaina, don cikin matan ƙauyenmu ni kaɗai nake iya karanta takardar gwamnati. Bakina ba shi da linzami, har na ɗauka ni jaruma ce.

A wurin shayin na san wata tsohuwa 'yar Ingila da kowa ke kira Kawajiya, wato Baturiya. Ta zo Sudan tana budurwa, ta auri wani injiniyan madatsar Makwar, ya rasu, ta ƙi komawa gida. Lulluɓinta kullum a karkace, shayinta ba sukari, Larabcinta kuwa sai ka riƙe ciki don dariya. Ta ce min an taɓa kulle kakarta a kurkuku don ta nemi a bar mata su jefa ƙuri'a. Ranar da ta ji yawancin matanmu ba su da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa ke nan, balle katin zaɓe, sai ta ajiye kofi ta ce ni da ita za mu gyara wannan.

Muka yi wata uku muna bi gida gida. Ina fassara, tana rubuta a littafi sunan kowace mace da na ubanta da kakanninta, da tsofaffin da za su shaida cewa a nan aka haife ta. Innata ce a shafin farko. Ta dangwala yatsa tana dariya, ta ce ko jaki aka tsayar za ta zaɓa, ita dai a tambaye ta sau ɗaya kafin ta mutu.

Sai magana ta tashi a majalisar maza cewa Kawajiya ƙidaya take yi wa hukuma don a kwashe Fallata, kamar yadda Larabawa ke kiranmu, a mai da mu Nijeriya, ƙasar da ko kakana bai taɓa gani ba. Wannan tsoro da shi aka raine mu. Baffana, wanda shi ne shehun ƙauye, ya kira ni gaban dattawa ya tambaye ni ina take kai sunayen. Na san gaskiya sarai, da ƙafata na raka ta ofishin ba da jinsiyya, inda aka ce mu kawo littafin in ya cika. Amma na ga idon mijina, na tuna gonar audugarmu da aka ce za a ƙwace, sai na sunkuyar da kai na ce Allah ne masani. Wannan amsar ta fi ƙarya muni. Washegari da hantsi na zare littafin daga kwandon Kawajiya, na tura shi cikin wutar da nake gasa kisra, gurasarmu ta Sudan.

Da ta neme shi na ce ban gani ba. Ta daɗe tana kallona, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba komai, takarda ce, za mu sake daga farko in zan raka ta. Na ce yarona ba shi da lafiya. Sau biyu ta zo ita kaɗai da sandarta, kowane gida aka ce matan ba sa nan. Na sauya wurin sayar da shayi don kada mu haɗu. A bakin wani direba na ji rasuwarta, bayan an yi kwana arba'in da binne ta.

Shekaru suka wuce, tsofaffin shaidun suka rasu ɗaya bayan ɗaya, har yaƙin nan ya iso mana. Muka fito gudu a bayan babbar mota. A wani shinge masu bindiga suka ce kowa ya nuna takarda. Ni ina da tawa tun ta makaranta, Inna ba ta da komai. Suka tambaye ta daga wace ƙasa ta zo, ta ambaci sunan ƙauyenmu, suka yi dariya suka sauke ta. Na sauka tare da ita, muka wuni a rana, muka koma a ƙafa. Ba ta sake tashi daga wannan tafiyar ba. Cikin jinyarta ta tambaye ni ko Baturiyar nan ta kai sunanta kuwa. Na ce mata ta kai.

Har yau baƙin cikin bai sake ni ba. Na gane cewa tsoro yana iya sa mutum ya sare reshen da yake zaune a kai, kuma baƙuwar da na bari aka yi wa ƙazafi ta fi ni kishin uwata. 'Yan'uwana mata, in an kira ku shaida kun san gaskiya, ku faɗe ta ko murya na rawa, kada ku ɓuya bayan sunan Allah kamar yadda na yi. Duk wadda ta zo rubuta sunanku don a san da zamanku, ku shimfiɗa mata tabarma. Inna ta rasu ba a tambaye ta ba ko sau ɗaya, kuma ni na ƙona shafin da yatsanta yake.