Garwashi Shida da Sawun Ƙafata

Shekarar da aka fara ba ni buhu in shiga tsinkar auduga, ita ce shekarar da haƙoran Kaka Dije na gaba suka ƙare. Na riƙe ta sarai, domin a cikinta ne tur'a, babban magudanar da ke shayar da gonakinmu, ta ɓalle ta shiga garken maƙwabta, kuma damina biyu ke nan kafin auren yayata. Ban san lambar shekarar ba, ban kuma taɓa buƙatarta ba. A cikinta na ji tatsuniyar garwashi shida, wadda da na tsufa ta hana a kwashe ni daga gidana a kai ni birnin Madani.

Ƙauyenmu yana gaɓar kogi, hayin garin Rufa'a. In an gama tsinka, doka ce a tuge karan auduga a ƙone saboda ƙwari, to kowane gida kan ɗebi nasa kafin a cinna wa sauran wuta. Da shi Kaka ke hura wutarta bayan magariba. Yana ci da sauri, yana tartsatsi, yana warin mai. Mu ci tuwon dawa, ta hau angarib ɗinta, gadon igiya da ya lotsa daidai jikinta, mu yara mu kewaye ta muna tona gyaɗa a toka.

A goye aka zo da Kaka daga yamma, kan hanyar Makka, iyayenta suka tsaya nan neman guzuri har ƙasa ta riƙe su. Hausarta irin ta can ce, mai kauri. Da rana ta yi ciniki da Larabci kamar kowa, amma a bakin wuta ba ta yarda a gauraya, ko da aiwa ce, wato "i" ta Larabci.

"Wanda duk yac ce mini aiwa," in ji ta, "shi tashi shi kai ma jaki hira."

Sai ta dunƙule hannu ta miƙo mana, wai tatsuniya ce a ciki. "Na kama wata bisa hanya. In sake ta?"

"Sake ta, Kaka!"

Wai wasu mata biyu, ya da ƙanwa, kowacce da gidanta a bakin daji, suka shayar da wata tsohuwa baƙuwa ruwa. Da za ta tafi, ta ba kowacce garwashi shida waɗanda ba sa mutuwa. Ta ce a ajiye su inda aka so, a raɗa musu suna, in an kira sunan za su haska. Yayar ta sa ɗaya a zaure, ɗaya a ɗaki, ɗaya a rumbu, ɗaya a madafa, ɗaya a garke, ɗaya a ƙofar gida don masu wucewa su gani. Kowane ta kira shi da sunan wurinsa. Ran da kura ta faɗa wa awakinta, ta kira na ɗaki ya haska, ta kira na garke ya haska, amma tsakanin ɗaki da garke baƙi ƙirin. Ta ruga, ta afka ramin da ita da kanta ta haƙa don kwaɓa ƙasa. Tana ciki tana kallon garkenta fes da haske, kura na zaɓen mai ƙiba.

Ƙanwar kuwa ba ta ajiye ko ɗaya ba a ranar farko. Ta share gidanta tas da yamma, ta yayyafa ruwa, ta kwanta. Da gari ya waye ta bi sawun ƙafarta, ta ga inda ta taka cikin duhu, ta jera garwashin a kan sawun, ta raɗa musu suna guda su duka. Da kura ta zo, kira ɗaya ta yi, ta isa garke da taɓarya a hannu.

"To, mi ƙanwar nan tay yi?" in ji Kaka.

Muka ce wayo gare ta.

"Wayon mi? Ƙasa tad duba. Ku ci gyaɗarku, ta ƙone."

Ni a lokacin kurar kawai nake jin tsoro. Na kai shekara sittin ina ba 'ya'yana da jikokina labarin nan, ina kwaikwayon kukan kura har su ɓuya a bayana, ban taɓa zaton da ni yake magana ba.

Sai bara waccan, bayan ƙaramar salla, na tashi alwalar asuba, na yi tuntuɓe da dakalin randa, na faɗi a kan kwankwasona. Ƙashi bai karye ba, amma na yi kwana ashirin a kwance. Babban ɗana Attayib, mai shagon yadi a Madani, ya zo ya tsaya a kaina.

"Hajja, magana ta ƙare. Na gyara miki ɗaki a sama, da fanka da komai."

"A sama? Ni tantabara ce?"

"Kina faɗuwa cikin duhu ke kaɗai. In ya sake faruwa me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu uwarka ta faɗi a gidanta. Akwai fitila, makunnin ne ke can jikin bango, sai na ratsa duhun kafin in kai gare shi."

Autata Ikhlas, malamar makaranta ce a Rufa'a, da 'ya'yanta huɗu, ita ta raba mu. Ta ce akwai ƙwan fitila da ake kunnawa da baki. Tunda Attayib ya riga ya sa mini faifan hasken rana da batir saboda ɗaukewar kahraba, wato wutar lantarki, abin zai yi. Suka yi sharaɗi a gabana kamar ba na wurin: za ta haɗa, bayan mako guda ya zo ya kwana ya gani da idonsa. In na yi ko tangaɗi, in shiga mota ba gardama. Na ce na yarda.

Ta zo da ƙwai shida, da ɗan akwatin intanet, da wani abu kamar gwangwanin madara wanda shi ke jin magana. Ta ɗaura ƙwan farko, ya yi ta ƙyaftawa, ta ce yana neman wayarta ne. Da wayar ta gan shi ya natsu, ta rubuta masa suna. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana kunna kowane daga waya don ta tabbatar wane ne wane. Ta manna filasta a kan makunnan bango, ta ce in na kashe daga can, ƙwan ya kurumce.

"Na san hannunki, Inna. Ko a gidan mutane kina kashe musu fitila."

Daga nan ta tara su ƙungiya ƙungiya yadda wayar ta nuna mata: biyu a ɗaki, biyu a diwan inda ake saukar baƙi, ɗaya a madafa, ɗaya a bayan gida. Gwangwanin ba ya jin Hausa, sai Larabci. Wannan bai dame ni ba, Larabcin da na yi shekara hamsin ina sayar da kuɓewa da shi a kasuwar Rufa'a ya ishi gwangwani. Na ce ya kunna diwan, ya kunna. Na ce ya kashe, ya kashe. Na ji daɗi ƙwarai.

Asuba ta yi. Ni ba a ɗaki nake kwana ba, ba wanda ke kwana a ɗaki a ƙasar nan sai da sanyi. Angarib ɗina yana tsakar gida, gindin darbejiya. Na ɗaga murya na kira ɗaki, ɗaki ya haska, ba kowa ciki. Na kira bayan gida, ya haska can ƙurya. Na kira madafa, na kira diwan. Gida ya yi kamar ana biki, ni kuma ƙasan da zan sa ƙafa ba na ganinta, hasken ma ya kashe mini ido. Ina zaune sanda a hannu, ladan ya gama, aka tayar da salla, aka sallame. Ban sauko ba sai da gari ya yi fari. A zaunen nan ne dariya ta kama ni, domin na gane wace ce ni a cikin matan nan biyu.

Na aika aka kira Ikhlas. Na ce ta ɗauki tsintsiya.

"Inna, daga makaranta nake, shara kika kira ni?"

"Share tas, ki yayyafa ruwa. Yau nan za ki kwana, kuma kada ƙafarki ta taɓa tsakar gidan nan sai rana ta fito."

Da asuba ta haska mini da wayarta daga kan gadonta, na yi abin da na saba. Da safe na kama hannunta muka bi sawun, ƙafa biyu da ɗigon sanda. Daga gado zuwa bayan gida. Daga nan zuwa randa, inda sawun ya karkace ya kauce wa dakali. Daga randa zuwa dutsen alwala, sannan rumfa, inda dardumata take. Ba sawu ko ɗaya da ya nufi diwan.

Ikhlas ta daɗe tana kallon ƙasa. "Wallahi ni gidan na haskaka," ta ce. "Ke na manta."

Ta kira mai gyaran wuta ya ja wayar wuta zuwa reshen darbejiya, da saman randa, da bakin rumfa. Ta cire biyun diwan da ɗaya na ɗaki ta mayar can. Ta goge ƙungiyoyin farko, ta haɗa waɗannan uku da na bayan gida a suna ɗaya, darib, wato hanya. Ta rage musu ƙarfi don kada su kashe ido, ta rataye gwangwanin a kan gadona yadda ba sai na yi ihu ba.

Ranar Alhamis Attayib ya zo, har da igiyar ɗaure kaya a bayan mota, na gan ta. Ya leƙa diwan ya ga babu ƙwai, ya ɓata rai.

"Baƙi fa?"

"Baƙi da rana suke zuwa. Kai ma ga gado nan waje."

Da ladan ya kira, na ce da gwangwani, a hankali, ya kunna darib. Huɗu suka tashi tare, tun daga ƙafar gadona har rumfa. Na sauko, na je, na dawo, na kauce wa dakali, na yi alwala, na tayar da salla. Na san idonsa biyu, don ba ya minshari. Da muka sha shayi ya ce, yana kallon kofinsa, zai aiko da ƙwai biyu saboda diwan. Ya tafi da igiyarsa.

Da ina yarinya na ɗauka ƙanwar nan wata dabara aka ba ta. Yanzu na ga ba ta san abin da yayarta ba ta sani ba. Ta dai haƙura da dare ɗaya na duhu don ta ga inda take takawa. 'Ya'yana suna sona, ba na shakka, amma ɗaya ya kalli ɗaki a sama, ɗaya ta kalli waya, ba wanda ya tambaye ni ina nake sa ƙafa.

Cikin yaran da suka ji tatsuniyar nan daga bakin Kaka, mu huɗu muka rage. Akwai Isa ɗan baffana a Damazin, ido ya tafi amma bakin yana nan. Akwai Kulu a Kamlin, wadda ba ta gane kowa sai ɗanta. Sai Hajja Tabawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, wadda 'ya'yanta suka fara yi mata zancen ɗaki a birni tun da ta zame a bakin famfo. Jiya na aika mata da tsintsiya.