Gautan Mama a Bokiti

Shekarar da aka daina fam aka koma naira muka tare a wani bene a Kafanchan, kusa da tashar jirgi inda mijina yake aikin akawu. Ni kuma ina koyarwa a firamare. Gidan ba laifi, har da famfo, amma ƙasar da zan ce tawa ce babu ko ta cika tafin hannu. Abin da na samu shi ne baranda, 'yar siririya, mai kallon gabas.

A Madakiya, inda aka haife ni, idan 'ya za ta gidan miji uwarta takan ƙulle mata irin kayan miya a tsumma. Mama ta ƙulle mini yakuwa da alayyafo da gautanta, wani ƙarami mai ratsin kore, mai ɗaci da daɗi a ƙarshe, wanda ita ma daga uwarta ta karɓa. Bayan rasuwarta irin ya ɓace a gida, don ba wanda ya kula ya ajiye. Saura ɗan ƙullin nan nawa, shi ma ya daɗe a akwati.

Da ruwan farko na tara garwar kananzir da tsofaffin kwanoni da wani bokiti da ya huje. Na yi ta hawa da ƙasa a ka, na gauraya da kashin kaji. Mijina ya tsaya yana kallo, hannu a aljihu.

"Malama, wata rana barandar nan za ta rufta da ke da gonarki."

"In ta rufta, kai za ka fara zuwa tsintar ganyen miya," na ce masa.

Yakuwa da alayyafo ba su ba ni wahala ba. Kafin damina ta yi nisa ina miƙa hannu daga bakin ƙofa in tsinko na faten acca, maƙwabta na aiko yara roƙo. Gautan ne ya tsaya mini a rai. Irin ya tsufa, duk abin da na yafa ƙwaya ɗaya ce ta tsiro ta rayu. Na dasa ta a bokitin, ina barbaɗa mata toka saboda ƙwari, ina janye ta jikin bango in iska ta taso. Ta yi fure ta zubar, ta sake yi ta zubar. Daga ƙarshe ɗa guda ya kama.

Dokar Mama kuwa a fili take: ɗan fari na gauta ba a cin sa, ba a taɓa shi. A kan uwarsa zai nuna ya yi jawur, shi ne iri.

Sai ga Lahadin nunan fari ta matso, ranar da kowane gida yake kai wa coci farkon abin da gonarsa ta bayar. Matar fasto, shugabarmu a zumuntar mata, ta hawo benen tana haki don ta tuna mini. Idonta ya faɗa kan bokitin.

"Yawwa, Malama, ga naki nan. Wannan na Ubangiji ne. Ki cire shi ki kawo ran Sande."

"Mama, bai nuna ba. In na cire shi yanzu irin uwata ya ƙare ke nan."

"To ki je kasuwa ki saya, ko? Amma Allah ya san wanda ya fito a gonan mutum."

Maganarta ta yi mini zafi, don gaskiya ta faɗa. Ba zan kai wa Allah gautan kasuwa ba, ba kuma zan kashe irin Mama da hannuna ba. Mijina ya ce in kai yakuwa a huta. Na ce yakuwar da muka riga muka ci rabinta ba nunan fari ba ce, kada ya koya mini wayo da Allah.

Ranar Lahadi na ɗaura zanen zumunta, na yi gammo, na ɗora bokitin a ka, da ƙasarsa da komai. Mijina ya ba ni tazara a hanya kamar bai san ni ba. Da aka fara waƙar baiko, mata na rawa da doya da ɗanyar masara, ni ma na shiga layi ina takawa a hankali, ganyen gauta na kaɗawa a bisa kaina. Dariya ta ɓarke tun daga bencin baya. Ko a jikina. Na dire shi gaban bagade tsakanin doya da wani zakara.

Faston ɗan manomi ne. Ya sunkuya ya duba ɗan gautan, ya ɗago ya dube ni.

"Malama, wannan fa?"

"Baba, na Ubangiji ne, na kawo masa. Amma bai isa cirewa ba."

Ya ɗora hannu a bakin bokitin ya yi addu'a. Da ya gama ya ce, "Ubangiji ya karɓa. Yanzu ya ba ki ajiya. Idan ya bushe, kowace mace a nan za ta samu iri."

Haka aka yi. Ya nuna, na fasa shi, na wanke 'ya'yan na shanya a faranti, na raba kaɗan-kaɗan, matar fasto ce ma ta fara miƙo hannu. Uwar gautan kuma, sai ka ce jira take, ta shiga zubo 'ya'ya har rassanta suka ranƙwafa.

A cikin kakar nan mahaifina ya zo daga ƙauye ganin likitan ido, ya sauka wurinmu. Na dama masa faten acca, na yanka gautan a ciki da yakuwa da ɗan dakakken gyaɗa, ban ce masa komai ba. Ya kai cokali ɗaya baki, ya tauna a hankali. Ya ajiye cokalin. Ya daɗe yana kallon kwanon, ni kuma na juya fuska don hawaye sun riga sun cika mini ido.

"Yarinya," ya ce, "na ɗauka da ita muka binne wannan."