Hannun Iya Risi a Cikin Goro

Har yau ban manta da safiyar da masinjan kotu ya same ni a rumfata a Sabo, unguwar Hausawa a Kudu ba, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Wani mai motocin haya, Mista Ajayi, sabon shiga harkar goro, ya kai ni ƙara. Ya ce na tabbatar masa gorona lafiya lau yake, da ya isa Arewa aka tarar sankara ta ci shi. Sankara ƙwaro ce mai huda goro ta ciki.

A Sabo, rigima gaban Sarki ake kai ta, kowa ya faɗi ta bakinsa. Maƙwabtana suka ce in jira ranar zama. Na dai je wurin lauya.

"Alhaji, ba ranar da za ka yi magana," in ji shi. "Ajayi ya yi rantsuwa a rubuce, ya roƙi a yanke hukunci ba sai an kira shaidu ba. In ka yi shiru, ka amsa ke nan."

In hukuncin maha'inci ya hau kaina, babu falken da zai ƙara sauka gidana.

Lauya ya ce alƙali ba ya gajarta shari'a sai in babu abin jayayya. Dole Ajayi ya nuna na faɗi maganar, kuma ita ya dogara da ita ya saya.

"Wa ya duba kayan?" in ji lauya.

Na ce mu ba ma yabon goro. Mai saye ke kawo mai zaɓensa. Ajayi ya zo da Iya Risi, ita ta nutsa hannu har gindin kwando, ta fasa, ta ɗanɗana, sannan aka ɗaure huhu.

Na same ta a unguwar Mokola, ina shakkar ko za ta yi mini shaida, don Ajayi ke ba ta aiki.

Ta ce, "Baba Sabo, ni zan ce ban duba ba? Gobe wa zai kira ni zaɓe? Na ce masa ya riƙa kwancewa yana sauya ganye, ya ce direbansa na sauri."

Ta rantse a rubuce, ta dangwala yatsa a takardar. Alƙali ya karanta, ya ce sai an zauna an ji kowa. Kafin zaman, Ajayi ya janye ƙararsa. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Shi ya sa, ku yaran rumfa, nake hana ku rantsuwa kan kaya. Ku buɗe kwando, ku ja baya, mai saye ya sa hannunsa a gaban mutane.